Barista, Zo Ka Ɗauki Gyaranka

Zuwa ga Barista mai ofis a saman bene, wanda allonsa ke da layi uku, Yelwa.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka, da sakatariyarka mai saurin hannu, wadda saurin hannun nata yana cikin abin da ya jawo wannan takarda. Ina kuma yi maka sannu da aiki.

Ni ne Alhaji Garba Mai Banda. In ka manta, ni ne mutumin da ya hau benenka ranar wata Talata bayan babbar sallah, cikin farar shadda, aka nuna masa benci ya ce a kawo kujera. Na rubuto maka a buɗe ne saboda dalilai uku. Na farko, sau huɗu ina hawa benen nan ana ce mini ka tafi kotu Birnin Kebbi. Na biyu, gwiwata ta ce ba za ta hau na biyar ba. Dalili na uku zai zo a ƙarshe, in na samu ƙarfin faɗarsa.

Domin mai karatu ya san da wa yake magana: ni ban gaji ko ƙugiya ɗaya ba. A aji uku na sakandare na tsaya, ba don kaina bai ja ba, sai don na lura malaman ba su san farashin kifi ba. Da kwandon tarwaɗa guda na fara. Yau ina da jiragen ruwa uku masu inji, da wurin banda inda hayaƙi ba ya yankewa, kuma kifina har Anacha ake cin sa. Duk wanda ya sauka bakin ruwa a Yelwa ya tambayi Mai Banda, ko akuya za ta nuna masa hanya. Saboda haka ba mutumin da zai ɓata tawada a banza ba ne ke rubuto maka.

Ga ƙorafina.

1. Abin da ya kawo ni wurinka

Abu biyu na zo nema. Na farko wasiyya. Na ga abin da ya faru da wani aminina da ya rasu, Allah Ya jiƙansa: ɗiyansa suka yi ta jayayya a kan jirgi ɗaya har damina biyu, injin ya yi tsatsa, kwaɗi suka tare a ciki. Na ce ba za a yi haka da nawa ba. Ka zaunar da ni ka bayyana mini cewa wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji, tunda Allah Ya riga Ya raba. Na san wannan tuntuni, amma na bar ka ka faɗa don kada karatunka ya tafi a banza. Muka tsara sulusin a kan gyaran masallacin bakin ruwa da rijiya. A nan ba ni da ƙorafi. Ka yi aiki.

Na biyu rajistar kasuwanci, don masu saye daga Kudu sun fara tambayar takarda mai hatimi. Ka tambaye ni ko ina da abokin tarayya. Na ce ni kaɗai ne. Ka sake tambaya. Na ce Barista, rubuta: ni kaɗai. Ka rubuta. Ka riƙe wannan a ranka, zai dawo.

2. Maganar gyara

Na biya ka lakadan, ban nemi ragi ba. Sannan na tsaya ina jira. Ka dube ni, na dube ka. Ka ce ko akwai sauran wani abu? Na ce saura gyara.

Barista, na san a Zariya ka yi karatu, amma a garin nan aka haife ka. Wa ya taɓa sayen ko albasa a kasuwar Yelwa bai samu gyara ba? Mai ƙosai tana ɗora biyu a sama. Mai gishiri yana ƙara ɗan hannu. Ni kaina shekara talatin da wani abu ban taɓa ɗaure kwando ban jefa kifi ɗaya a kai ba, ko da mai sayen na jin haushinsa nake yi. Ciniki ba gyara, ai kamar an kore ka ne daga rumfa. To ni da na sayi abu biyu manya a lokaci ɗaya, in sauko benen hannu biyu haka nan, mutanen ƙasa su tambaye ni me aka ɗora mini in ce babu?

Ka yi dariya ka ce aikin lauya ba shi da gyara. Na koma na zauna. Ka miƙo mini kalanda, na ce ina da uku a gida. Ka miƙo biro, na ce ban zo a raina ni ba. Daga nan na leƙa taga na ga allonka. Layi na ɗaya, wasiyya da gado. Layi na biyu, harkokin kasuwanci. Layi na uku, shawara kan dalilan rabuwar aure. Na ce to ga shi nan, na sayi biyu, na ukun shi ne gyarana.

Don Allah Ya ga gaskiyata zan faɗi naka. Ka ce, "Alhaji, akwai matsala a gida ne?" Na ce ko kusa, alhamdulillahi. Ka ce to me zan yi da shi? Na ce ba a tambayar mutum me zai yi da gyara.

Amma ga inda na kama ka. In mutum ya je asibiti aka cire masa haƙori ɗaya, ya ce a yi masa gyara, likita zai cire na biyu ne? Kai ne mai ilmin. Kai ya kamata ka tashi tsaye ka ce Alhaji, wannan layi ba na gyara ba ne, ɗauki kalanda ka sauka. Gyara ƙaramin abu ne, mai daɗi, wanda ake ci a hanya. Kai kuwa ka ɗora mini abin da ya fi kayan da na saya nauyi.

3. Hirar da ba hira ba

Ka ce ba za ka iya ba da shawara a kan iska ba, sai da misali. Ka aika aka kawo lemo mai sanyi. Ka ce in faɗi duk abin da Hajiya take yi da ke ɓata mini rai. Ni kuwa na ɗauka hira ce irin ta maza a gindin bishiya, wadda iska ke kwashewa kafin la'asar. Lemon ma ya yi sanyi ƙwarai. Sai baki ya buɗe. Na lissafa biyar:

Cewa tun da likita ya yi magana, rabin cokali na sukari take sa mini a shayi, ta kulle gwangwanin. Cewa in ina yi wa baƙin Kudu Turanci, sai ta juya baya kafaɗunta suna rawa. Cewa tana ɓoye mini rediyo in za a ci abinci. Cewa ta ba da tsohuwar rigata ta kamun kifi sadaka ba ta tambaye ni ba, rigar da ni da ita muka san abin da muka gani. Cewa har yau in ta fusata da sunan da Innata ke kirana take kirana, wanda ba zan rubuta shi a nan ba ko da za a kai ni kotu.

Duk wannan lokaci ina jin ƙwas-ƙwas-ƙwas a bayana. Na ɗauka sakatariyar aikin wani take yi.

Da na gama, ka ce babu ko ɗaya cikin biyar ɗin da ya zama dalili a kowace kotu ta duniya, in koma gida in gode wa Allah. Shawara mai kyau, na yarda. Da a nan aka tsaya da ba a ji kanmu ba. Gaskiya ne ni na ce gyara ba a baki ake yin sa ba, sai abin da hannu zai riƙe. Gaskiya ne kuma ni na ce a buga hatimi, don takarda ba hatimi ta kunshin ƙosai ce. Amma wa ya ce a rubuta sunana da sunan Hajiya da manyan baƙaƙe a sama? Wa ya ce a sa taken Dalilan Rabuwar Aure a ja masa layi biyu? Kuma shawarar taka ta in koma gida in gode wa Allah, me ya sa ita ba a buga ta ba? Sakatariyar ta buga maganata duka, ta bar taka. Aka ninke aka sa a ambulan ɗaya da wasiyya da rajista, aka miƙo mini da hannu biyu.

4. Inda ambulan ya sauka

Duk takardar da ta shigo gidana, hannun Hajiya Rabi take zuwa. Matata ce ta shekara talatin da ɗaya, ita kaɗai, kuma tsohuwar malamar firamare ce. Tana da akwatin ƙarfe inda take ajiya, kuma ba ta taɓa sa takarda a ciki ba ta karanta ba, ko da ta maganin sauro ce. Ni kuwa kafin in iso gida na manta da gyaran sam, don a hanya na tsaya duba inji. Na miƙa mata ambulan bayan la'asar ina taƙama, na ce ga shi, mijinki ya zama kamfani.

Ta sa tabarau. Ta karanta wasiyya, ta ce madalla. Ta karanta rajista, ta ɗan daɗe a wani layi. Ta buɗe ta uku.

Barista, ba ta yi ihu ba. Da ta yi ihu da na san abin yi. Ta ninke takardun, ta tashi ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar kifi, ta ajiye mini rediyo a gefen kwano. Da safe ta kawo shayi. Na kurɓa na ji sukari har cokali uku. A nan na gane fushin ya kai.

Kafin hantsi ta ɗauki jakarta ta sauka bakin ruwa. Ta wuce jirgina na ɗaya, ta wuce na biyu, ta wuce na uku, direbobina suna durƙusawa suna gaishe ta, ta je ta shiga jirgin mutumin da muka shekara goma muna gasa da shi, ta biya kuɗin shiga kamar baƙuwa, a gaban masu kifi da masu albasa da 'yan acaɓa. Ta tafi Wara gidan yayanta Malam Manu. Yau kwana goma sha tara.

5. Ɓarnar da ta biyo baya

Na fara zuwa wurin Liman, don abin da ya fi tsorata ni ke nan. Na ba shi labari tiryan-tiryan. Ya ce in kwantar da hankalina, wannan ba saki ba ne, tunda ban furta ba, ban rubuta saki ba, ban yi niyya ba. Sannan ya ce in sake ba shi wurin da na ƙi kalanda. Na sake. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da aka kawo ruwa. Mutumin da nake bin sallarsa shekara ashirin!

Sai wurin banda. Ni ina ganin ni ke tafiyar da shi, Hajiya dai tana ɗan leƙawa. To kifin farko bayan tafiyarta ya ƙone ƙurmus, ko kyanwa ta shinshina ta wuce. Na ce a rage wuta. Na biyu bai bushe ba, kwana uku ya fara motsi da kansa a cikin kwali. Matan da ke aikin, duk umarnin da na bayar sai su dubi juna su ce Hajiya ba haka take cewa ba. Na ce to yaya take cewa? Suka ce ita ba ta cewa, hannu take sawa a kan wayar banda ta ji zafin, ta san icen da za a cire. Na sa nawa hannun. Har yanzu da man shafawa nake yawo.

Babban mai sayena na Anacha ya zo, ya ɗauki tarwaɗa ɗaya ya karya, ya shinshina, ya tambaye ni ina Madam. Na yi masa bayani da Turanci. Ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa.

A kasuwa kuwa ba dama. Mai ƙosai in ta zuba mini sai ta ɗaga hannu ta ce, "Alhaji, a yi gyara ko kana tsoro?" Mahauta sun ɗauka. 'Yan acaɓa sun ɗauka. Jiya wani ya tsayar da ni ya ce zai je wurin mai sayar da makara, ko in raka shi in nemo masa gyara.

6. Tafiyata Wara

Na je biko ranar Juma'ar da ta wuce, da goro da atamfa. Malam Manu ya karɓe ni hannu biyu, yana zaune yana ɗinkin taru, bai ɗaga kai ba ya ce Alhaji, ashe har lauya ake kai wa ƙarar rabin cokali? Hajiya ba ta fito ba. Takardar dalilan nan ta aiko mini.

Ta bi ta da jan biro kamar jarrabawar 'yan aji huɗu. Ta gyara wa sakatariyarka kuskure uku. A gefen maganar riga ta rubuta cewa rigar da kanta ta nemi a sallame ta. A bayan takardar ta jera nata dalilan a kaina, goma sha ɗaya, da lamba, da rubutu mai kyau. Ba zan kawo su ba. Na bakwai dai ƙarya ne, ba kullum nake ba da labarin giwan ruwan da na kama ba, kuma ba ƙara masa tsawo nake yi ba, tunawa nake ƙara yi.

Ta kuma haɗo da takardar rajista, wadda ban san ta tafi da ita ba. A daidai inda aka rubuta ni kaɗai, ta ja da'ira, ta sa kalma uku: "Kwandon farko fa?"

Sannan ta aiko yayanta da sharaɗi. Ta ce sukari da rediyo ba su dame ta ba, ta san halina. Abin da ya dame ta shi ne na kwashi aibinta na kai wa baƙo har aka buga da inji aka sa hatimi, alhali shekara talatin da ɗaya ban taɓa faɗin alherinta a gaban ko mutum biyu ba. Abin da aka rubuta, rubutu ne zai goge shi, kuma a inda jama'a za su gani. In ba haka ba, Wara akwai iska mai daɗi.

Wannan shi ne dalili na uku da na ce zai zo.

To, jama'a ku shaida. Na ce da kwandon tarwaɗa guda na fara, kuma gaskiya ne. Abin da ban taɓa faɗa ba shi ne, ba ni da ko sisin sayen kwandon. Hajiya ce, tana amarya wata biyar, ta kwashe kwanonin jerenta da Innarta ta tara mata, ta sayar a ɓoye ta damƙa mini. Muka shekara biyu muna cin tuwo a kwano ɗaya, bangon ɗakinta fayau, in mata sun zo sai ta ce ta kai wanki. Ita ta koya mini cewa ba kowane ice ake banda da shi ba. Ni na yi kaina da kaina, ban janye ba. Amma da kwanoninta na yi.

Saboda haka, Barista, ga buƙatuna:

Na ɗaya, ka zo ka ɗauki gyaranka. Na mayar. Wannan ne karo na farko a rayuwata da na mayar da gyara, a rubuta. Dalilan nan biyar na janye su ɗaya bayan ɗaya. Sukari, likita ya fi ni gaskiya. Turanci, na ji yadda yake fita da kunnena. Rediyo, ba abin da suke faɗa da ya fi hirarta. Riga, Allah Ya amfana wa wanda ya samu. Sunan kuwa, tun rasuwar Inna ita kaɗai ta rage mai kirana da shi, kuma kwana goma sha tara ke nan ban ji shi ba.

Na biyu, ka sa sakatariyarka ta buga shawarar da ka ba ni da baki, ta in koma gida in gode wa Allah, da manyan baƙaƙe, a ja layi biyu, a buga hatimi. In akwai hatimi biyu a buga duka.

Na uku, a gyara rajista. A goge ni kaɗai. A sa sunan Hajiya Rabi. In doka ta yarda nawa ya zo a farko, na gode. In ta ce sai nata, to a bi abin da ta ce, ita Hajiyar nake nufi.

Na huɗu, ranar Juma'a mai zuwa ka shirya ka raka ni Wara ka faɗa da bakinka cewa ka tambaye ni ko akwai matsala a gida na ce ko kusa. Jirgi kyauta. Akwai rigar ruwa, na ji an ce kana tsoro.

Na biyar, ka sa mai fenti ya ƙara ɗan rubutu a ƙarƙashin layi na uku na allonka, cewa wannan ba a ba da shi gyara. Garin nan cike yake da 'yan kasuwa, kuma ba kowa ke da Liman mai saurin amsa ba.

Aikin gyaran rajista zan biya lakadan kamar yadda na saba. In na gama biya ka ga na tsaya ina kallonka, sabo ne, kada ka kula. Miƙo mini kalanda, ka nuna mini ƙofa.

Ina roƙon Allah Ya ƙara maka basira, Ya ba ka nasara a shari'o'inka na gaskiya, Ya sa ka samu ofis a ƙasa, Ya kuma tsare gidanka daga irin ambulan da ka ba ni. Ban riƙe ka a zuci ba, rabin laifin ma na san mai shi.

Malam Manu, na san za a karanta maka wannan a bakin taru. Don Allah ka miƙa ciki. Ka ce mata mabuɗin gwangwanin sukari yana nan inda ta bar shi a kan taga, ban taɓa ba. Na kanti nake saye, rabin cokali nake sha, da hannuna nake aunawa, kuma ba daɗi.

Wassalam.

Naka,
Alhaji Garba Mai Banda,
Bakin ruwa, Yelwa.